USUR A ALJIHU

Shafi na 23

Masu bugun ƙofata tun shekaranjiya, ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rubuto cewa Merv dattijo ne, a yi masa uzuri, gyara zama da kyau.

* * *

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar Juma'a Wade Lavallee ya taka birki a ƙofar gidan Merv Stasiuk. Takun da ya yi sai da keken guragun da yayansa Colby ke zaune a kai ya girgiza a bayan motar, duk da an ɗaure shi ta kusurwa huɗu.

"Kai jakin dawa!" in ji Colby daga baya. "Rabin jikin da ya rage min kake so ka ƙarasa?"

Jakin dawa yake kiransa tun ranar da ya fara sa rigar alƙalancin wasa mai zanen baƙi da fari. Kullum Wade na ramawa. Yau ko waiwayowa bai yi ba.

"Minti goma. Ka jira ni nan."

"Yo ina za ni? Tsere zan shiga?"

Wade ya zuge jakar kayan wasansa, ya zaro kambuna biyu masu ruwan lemo, irin waɗanda babban alƙalin hoki, wasan sanda na kan ƙanƙara, ke ɗaurawa a damtse don a bambanta shi da masu kula da layi. Ya cusa su a aljihun rigar sanyi. Shi kansa bai san abin da zai yi da su ba.

Ƙarfe goma sha biyu daidai ake rufe karɓar suna. Alƙalin wasa ɗaya tak lardin ke turawa sansanin gwaji na gasar ƙwararru kowace shekara, kuma Merv, babban mai duba alƙalai, shi ke aika sunan. Wade na da shekara ashirin da tara. A watan Agusta zai cika talatin, su kuwa na sama, shugabannin gasar, ko buɗe takardar ɗan talatin ba sa yi. Shekara goma sha shida yana bin ƙauyuka a kan titin da ya daskare, yana shan zagin iyayen yara, ana watsa masa giya a ƙeya, duk don ranar nan. In ta wuce, shi ke nan, sai ya koma kantin tayoyin da yake aiki ya tsufa a can.

Ya ratsa dusar ƙanƙarar da ta fara narkewa ta zama taɓo, ya bi ta gangaren katakon da ke ƙofar baya. Merv ya taɓa ce masa don keken surukarsa ya kafa shi. Tsohuwar ta daɗe a kabari, amma kullum gangaren a share yake, an barbaɗa masa gishiri.

Bai ƙwanƙwasa ba.

Doreen, matar Merv, na tsaye a kicin tana matse bakin perogi, ƙullin fulawa da ake cusa wa dankali ko cuku a ciki, gari har gwiwar hannu. Merv na zaune a tebur da kofin kofi. A gabansa takarda ɗaya da biro, an jera su tsaf kamar ana jiran baƙo ya ci abinci.

"Zauna, yaro."

"A tsaye ma ina ji."

"Ka ci abinci, Wade?" in ji Doreen.

"Na ƙoshi. Merv, me ka kira ni in sa wa hannu?"

Merv ya tura takardar da yatsa ɗaya. Wade ya ɗauka ya karanta da ƙarfi.

"Gudu a kan ƙanƙara, madalla. Tsayuwa a inda ya dace, madalla. Sanin doka, madalla." Ya tsaya. "Hukuncin da ya yanke ranar Asabar, saura minti ɗaya da daƙiƙa hamsin a tashi, bai dace da lokacin ba. Alƙalin ya amince da kuskurensa, ya kuma ɗauki darasi."

Ya ɗago.

"Wane alƙalin ne ya amince?"

"Wanda zai sa hannu a ƙasa."

"Da bakin wa ya amince?"

"Saurara," in ji Merv. "Na sama sun kira ni ranar Talata. Sun ga hoton wasan, sun ga yadda jama'a suka yi ta jifa. Ba sa son alƙalin da sunansa ke fitowa a jarida. Sun ce in ya yarda kuskure ne, ƙuruciya ce, a turo shi mu gyara. In bai yarda ba, a turo Brody Falk."

Wade ya yi wata dariya mara daɗin ji.

"Brody Falk! Mutumin da ba ya ganin laifi sai an kawo masa a faranti?"

"Brody ya san lokacin da ake yin shiru."

"Brody shiru yake yi tun daga farkon wasa har ƙarshe!"

"Ba a taɓa fasa masa gilashin mota ba dai."

Gaskiya ne, wannan kam. Ranar Asabar 'yan garin Elk Narrows sun fasa wa Wade gilashin baya, sun rubuta MAKAHO a jikin ƙofa da makulli. Wasa na bakwai ne, na yanke wanda zai je zagayen ƙarshe, ana ci biyu da biyu, a filinsu. Kyaftin ɗinsu Holowaty ya taho da gudu ya doki wani yaron ƙungiyar baƙi ta baya, kan yaron ya bugi katanga. Wade ya ɗaga hannu, ya busa, ya kori Holowaty daga wasan. Baƙi suka ci ƙwallo ta uku ana saura daƙiƙa ashirin. Garin gaba ɗaya ya rantse Wade ne ya ci ta.

"Merv, ka ga dukan ko ba ka gani ba?"

"Na gani."

"Ta baya ne?"

"Ta baya ne."

"Yaron ya juya masa lambar rigarsa, yana ganinta ƙuru-ƙuru?"

"Na ce maka na gani."

"To me littafi ya ce?"

"Kar ka karanta min littafi a kicin ɗina. Ni na saya maka na farko."

"Me ya ce, Merv?"

"Kora ya ce! Ka ji daɗi?" Merv ya buga tebur, kofin ya fantsala. "Amma zango na uku, wasa na bakwai, ana kunnen doki, saura minti biyu, usur na aljihu yake. 'Yan wasa ke yanke wasa. Mutum dubu biyu ba su sayi tikiti don su kalle ka ba."

"A shafi na nawa aka rubuta haka?"

"Ba a rubuta ba. Ubana ya san shi, ni na san shi, duk wanda ya taɓa ɗaura kambu a ƙasar nan ya san shi. Kai ma ka sani, taurin kai ne kawai."

Ni dai tsohon nan haushi yake ba ni. Al'adar da ba ta cikin littafi ita suka fi riƙewa da haƙori, su koya wa yaro doka shekara goma, ranar da ya yi aiki da ita su ce bai da hankali. Wade kuwa zuciya ta zo masa wuya, har jijiyar goshinsa ta tashi.

"Kai ka koya min in ɗaga hannu kafin in yi tunanin wanda zai ji haushi."

"A zango na farko."

"Ashe wuyan yaro na da lokacin karyewa? A zango na farko ba ya karyewa sai na uku, ko a na uku ne ba ya karyewa?"

"Wuyan wa ya karye? Yaron ya tashi! Ya girgiza kai ya koma benci da ƙafarsa. Jiya an gan shi yana cin hamboga."

"Colby bai tashi ba."

Hannun Doreen ya tsaya a kan ƙullin.

"Kar ka sako yayanka cikin wannan maganar," in ji Merv a hankali.

"Me zai hana? Yana nan waje a mota. Kullum safiya ni ke ɗaga shi daga gado. Ni ke duba bayansa ko ya yi gyambo. Shekara goma sha tara, Merv! Wani ya doke shi ta baya saura minti biyu a tashi, ka ce in sa hannu cewa irin wannan dukan ba a busa masa?"

"Ban ce ba a busawa ba. Na ce ka sa hannu ka tafi. Takarda ce kawai."

"In takarda ce kawai, kai ka canja ta. Ka rubuta cewa na yi daidai, ka kira su ka ce ka tsaya a bayana. Maganarka na da nauyi a can. Shekara talatin suna jin ka."

"Ba zan rubuta ba."

"Don me?"

"Don ba ka yi daidai ba."

"Ƙarya kake!"

"Wade!" in ji Doreen.

"Ki yi haƙuri, Doreen, amma ƙarya yake. Ki dube shi, ko idona ya kasa kallo."

Agogon bango ya nuna sha ɗaya da rabi da minti biyu. A kan kantar kicin, kusa da tukunyar kofi, tsohon injin fakis ɗin Merv, mai aika takarda ta layin waya, na jira da koriyar fitilarsa. Duniya ta daɗe da barin irinsa, Merv ya ƙi.

Doreen ta goge hannu a jikin rigar girki, ta juyo.

"Mervin, faɗa masa."

"Ki koma kan girkinki."

"Faɗa masa dalilin da ya sa ba za ka iya rubutawa ba."

"Doreen, na ce..."

"Shekara arba'in da ɗaya kana cewa ina ji. Yau ni zan ce."

Ta taka kujera, ta sauko da wani gwangwanin biskit daga saman kabad. Merv ya yunƙura zai tashi, sai ya koma ya zauna. Fuskarsa ta yi fari fat.

Ta buɗe, ta zaro wata rawayar takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa. Wade ya gane irinta tun daga nesa. Kwafin takardar wasa ce, wanda alƙali ke riƙewa bayan ya sa hannu. Shi ma yana da ɗaruruwansu a kwali.

"Karanta kwanan watan," in ji ta.

"Sha ɗaya ga Maris..."

Wade ya ɗago. Wannan ranar ko a barci aka tashe shi ya san ta. Yana ɗan shekara goma, yana kwance a gida da ƙyanda, aka bugo wa mahaifiyarsu waya daga wani gari mai nisan awa huɗu, aka ce Colby ya ji rauni.

"Sauka ƙasa."

Idonsa ya bi jerin sunaye. Lamba tara, C. Lavallee. Ya ƙara sauka. A can ƙasa, inda babban alƙali ke sa hannu, ga wata S mai doguwar jela. Ya ga S ɗin nan a ƙasan kowane rahoto da aka taɓa rubutawa a kansa.

Ya dafa kujerar da ya ƙi zama a kai.

"Kai ne?"

Merv na kallon kofin da ya zube.

"Merv, da kai nake. Kai ne ka busa wasan Colby?"

"Ni ne."

"Ina ɗan sha shida na tambaye ka. A motarka, muna dawowa daga wasa. Na ce waye alƙalin ranar. Me ka ce min?"

"Na ce alƙali ba ya tonon alƙali."

"Ka ce alƙali ba ya tonon alƙali! Na ɗauka mutunci kake koya min, ashe kanka kake rufa wa asiri!"

"Ba ƙarya na yi maka ba."

"Rufe min baki!"

Bai taɓa ɗaga wa mutumin nan murya haka ba. Merv ne ya ɗaura masa takalmin ƙanƙara ranar wasansa na farko, shi ya tsaya masa a matsayin uba ranar da ya gama sakandare. Yanzu ji yake kamar ya ɗaga teburin ya kifa masa.

Ya ja numfashi, ya yi ƙoƙarin yin adalci, don alƙali ne ko a fushi.

"To. Kai ne. An doke shi, ka busa, ka kori wanda ya yi. Ga shi a rubuce, lamba huɗu, kora. Alƙali ba ya tare duka kafin a yi shi. Me ya sa za ka ɓoye?"

Doreen ta dubi mijinta.

"Saura na farkon," in ji ta.

"Wane na farko?"

Merv ya ture kofinsa gefe.

"Saura minti biyu da daƙiƙa hamsin, mai lamba huɗun nan ya doki wani yaro ta baya a kusurwa. Ba Colby ba, wani daban. Ina tsaye taku biyar daga wurin."

"Ka gani?"

"Na gani."

"Sai me?"

"Hannuna ya tashi." Merv ya ɗaga hannun dama har kafaɗa. "Ya zo nan. Sai na kalli allo. Ɗaya da ɗaya, wasan ƙarshe. Yaron ya miƙe, ya girgiza kai."

"Ya tashi," in ji Wade.

"Ya tashi. Sai na sauke hannun."

"Da ka busa, korarsa za ka yi."

"E."

"Da yana ɗakin canja kaya."

"E."

"Bayan daƙiƙa nawa?"

"Arba'in."

Daƙiƙa arba'in. Wade ya san tsawonsu a kan ƙanƙara, zuwa ɗaya ne da dawowa. Ya ga mai lamba huɗun nan a ransa, yaron da ya yi duka ya waiwaya ya ga ba a busa ba, ya gane yau an buɗe ƙofa.

"Shi ya sa," in ji Doreen, hawaye na bin garin da ke kumatunta. "In ya rubuta cewa ka yi daidai ranar Asabar, ya rubuta cewa shi ne ya zaunar da Colby. Shekara goma sha tara yana gaya wa kansa kowane alƙali haka zai yi. Sai ga ka, ka ƙi yi."

"Su wa suka sani?"

"Duk tsofaffin alƙalai," in ji Doreen.

"Duka? Mutanen da nake canja kaya da su a ɗaki ɗaya?"

"Sun ɗauka ka sani. Suna ta yabon zuciyarka a bayan idonka, wai ka yafe."

Wade ya sa hannu a aljihu. Yatsunsa suka taɓa kambunan, sai ya ji wani abu ya soke shi. Ya zaro su a hankali. Sun koɗe, an ɗinke robar sau biyu. Ranar da aka ɗaga shi daga kula da layi zuwa babban alƙali Merv ya ba shi su a gaban mutane, ya ce nasa ne na ƙarshe, ya riƙe amana. Shekara goma ba ya shiga wasa sai da su.

"Ka ce min gwiwa ce ta sauke ka daga ƙanƙara."

Merv ya kau da kai daga kambunan.

"Yaushe ka cire waɗannan?"

"Yaro..."

"Ba yaronka ba ne ni. Yaushe?"

"Sha ɗaya ga Maris. A ɗakin canja kaya. Ban ƙara sa su ba."

Wade ya watsa masa su a fuska. Ɗaya ya faɗa cikin kofin da ya zube, ɗaya ya maƙale a kafaɗar tsohon.

"Ka ɗaura min su! Ka tsaya kana tafi! Ina komawa gida da su a jaka, ina shanya su a ɗakin da yake kwana! Wane irin mutum ne kai?"

"Na so in gyara..."

"Da ni za ka gyara? Ni ne sabulunka?"

Sai aka ji ƙarar taya a kan katako. Gur, gur, gur. A tsakiyar gangaren akwai wani katako da ya ɗan ɗago, wanda Wade ke tuntuɓe da shi kullum. Tayar ta kauce masa ba tare da ta rage gudu ba.

Ƙofa ta buɗe. Ashe Colby ya kwance ɗaurin keken ya sauko daga motar da kansa. Colby ya turo kekensa, ya karkata dama ya wuce firiji, ya tsaya a gefen teburin da babu kujera. Sai yau Wade ya lura cewa gefen nan bai taɓa samun kujera ba.

"Doreen, ina kwana," in ji Colby. "Na dankali ne ko na cuku?"

"Na dankali, Colby."

"Ki ajiye min goma." Ya kalli rawayar takardar, ya kalli kambun da ke kafaɗar Merv. "To, an fasa ƙwan ke nan. Ana jin ihunka har titi, jakin dawa."

Wade ya kalli ƙofar, ya kalli yayansa.

"Gangaren nan naka ne."

"Duk Laraba, in ka tafi kantin taya, motar asibiti na sauke ni nan. Muna karta. Bai iya wasa ba, kullum ina cinye shi."

"Ka sani?"

"Ni da nake kwance a ƙanƙara ina kallon fuskarsa? Yana ta cewa kar ka motsa, kar ka motsa. Na ce masa kwantar da hankalinka, ko na so ba zan iya ba."

"Kuma ka bari na..."

"Ban bari ba, ni na kai ka. Wa ya cike maka takardar koyon alƙalanci kana ɗan sha uku? Wa ya ce wurin Stasiuk za ka, ba wurin wani ba?"

"Don me, Colby? Don Allah don me?"

Dariyar ta bar fuskar Colby.

"Don shi kaɗai ne a lardin nan ya san abin da sauke hannu ke jawowa. Na ce masa, ka lalata ni, to ka gina min alƙali ɗaya da ba zai sauke ba. Ya gina. Ranar Asabar ina kallo a talabijin, da na ga hannunka a sama na yi ihu har maƙwabta suka buga bango."

"To ka ji abin da yake so in sa wa hannu?"

"Na karanta tun Laraba."

"Ka karanta?"

"Ɗauki biro ka sa."

Wade ya tsaya kamar an mare shi.

"Me ka ce?"

"Kurma ka zama bayan makanta? Na ce ka sa hannu. Saura minti goma sha ɗaya."

"Takardar nan cewa take abin da aka yi maka daidai ne!"

"Takarda ba ta da baya da zai karye. Ka sa, ka tafi, ka shiga babban fili. Ranar da wani ƙato zai doki yaro ta baya a gaban ƙasar nan gaba ɗaya, ka ɗaga hannu a can. A nan wa ya gan ka? Mashayan Elk Narrows?"

"In na sa hannu yau, takardar za ta bi ni. Ranar da na ɗaga, za su zaro ta su ce ai ka yarda kuskure ne."

"Sai ka ce ka sake kuskure."

"Ba wasa nake ba!"

"Ni na yi maka kama da mai wasa?" Colby ya doki hannun kekensa. "Na ba wasan nan ƙafafuna. Shekara goma sha tara ina zuwa gidan mutumin nan ina haɗiye abin da nake haɗiyewa, don kai. Ka ce za ka ba Brody Falk wurin saboda zuciya? Ka koma kana gyaran taya kana ɗaga ni har mu mutu? Ba ka isa ba!"

"Colby..."

"In ka fita gidan nan ba ka sa hannu ba, gobe kar ka shigo ɗakina. Gara in kwana a ƙasa."

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wade ya zo gidan nan da fushin Merv, ga shi yanzu ya rasa wanda zai fi jin haushi, tsohon da ya sauke hannu ko yayan da ya ɓoye masa gaskiya fiye da rabin rayuwarsa ya kuma ce don shi ne.

Colby ya ɗauki biron ya miƙa masa.

Saura minti shida.

Wade ya karɓa. Ya jawo takardar, ya sunkuya. Merv ya sauke ajiyar zuciya, Colby ya jingina da kekensa ya lumshe ido.

Biron ya daɗe yana tafiya. Ya wuce tsawon suna.

"Me kake rubutawa?" in ji Colby.

Wade ya miƙe, ya ajiye biron, ya karanta musu, kalma bayan kalma.

"Ban amince ba. Ku tambayi mai rahoton nan abin da ya faru da Colby Lavallee ranar sha ɗaya ga Maris, daƙiƙa arba'in bayan an sa usur a aljihu. Wade Lavallee."

"Ka haukace?" Colby ya yi ihu. "Ka kashe kanka! Ba wanda zai sake shiga fili da kai! Ka tona alƙali!"

"Na tona."

"Merv, yaga ta! Buga wata!"

Merv ya miƙa hannu. Doreen ta riga shi. Ta fizge takardar daga tebur, ta haɗa da rawayar, ta taka zuwa injin fakis da saurin da ba a san tana da shi ba. Yatsunta suka bar tambarin gari a gefen takardun.

"Doreen," in ji Merv. "Doreen, in wannan ta tafi, na gama. Za su cire sunana daga komai."

"Shekara goma sha tara ina canja zanen gadon da kake jiƙawa da gumi, Mervin. Na gaji."

Ta sa takardun, ta danna lambar na sama.

Injin ya yi kuka, ya ja ta farko, ya ja ta biyu. Koriyar fitilar ta ƙifta ta tsaya. Saura minti uku.

Ruwan perogi na tafasa yana zuba a kan murhu, ba wanda ya kula. Wade na kallon yayansa, yayan ya ƙi kallonsa.

Agogo na buga sha biyu wayar bango ta ɗauki ƙara.

Merv bai motsa ba. Wade ya yi taku ɗaya, Colby ya tare shi da keke, ya miƙa hannu ya ciro wayar da kansa.

"Gidan Stasiuk."

Na sama ne. Ya saurara. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"E, duk su biyun suna nan. A'a, ba zan ba su ba tukuna." Ya ɗago ya kafe ƙanensa da ido. "Kun ce kuna son sanin waye Colby Lavallee? To da shi kuke magana."